Kuɗin gida a ƙasar Ƙaraye da Rogo: Wa ake ɗauke wa, kuma da wace hujja?

Ranar wata Laraba a cikin kakar da ta wuce, ina zaune a ofis ina duba takardun jarrabawar ɗalibai, sai wayata ta yi ƙara. Lambar wani yaro ce mai sana'ar cajin waya a garinmu, amma muryar ta Gwaggo ce, ƙanwar mahaifina. Gwaggo ba ta cikin masu kiran waya don a gaisa kawai. Idan ka ji ta, to ko dai an yi rasuwa, ko kuwa wani abu ya fi ƙarfinta.

"Babana," in ji ta, domin sunan mahaifinta aka sa mini, ba ta kama shi, "wasu yara ne suka zo da takarda, wai kuɗin gida. Sun ce idan ba a biya ba zuwa ranar kasuwa za su garƙame shagon. Ni kuwa ka san abin da ke cikin shagon nan."

Na sani ƙwarai. Gidan Gwaggo ginin ƙasa ne, yana bakin hanya a wani gari da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, wanda ba zan ambaci sunansa ba. Shekarun baya marigayi mijinta ya yanki rabin zauren, ya sa masa bulo da kwano da ƙofar ƙarfe, ya mayar da shi shago. Yau wani tela ne a ciki, yana biyan Naira 4,000 a wata, idan ya samu. Da wannan kuɗi, da ɗan abin da gonar gado take bayarwa, da abin da ɗanta mai aikin ƙarfi a Fatakwal yake aikowa jefi-jefi, Gwaggo take riƙe da jikoki huɗu marayu. Yaran da suka zo sun rubuta mata Naira 10,000, wato kuɗin hayar wata biyu da rabi.

Abin da na yi ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san yadda muke rayuwa a ƙasar nan. Ban tambayi wace doka ce ta ɗora kuɗin ba, ban kuma tambayi ko gwauruwa mai riƙon marayu tana cikin waɗanda ake yi wa rangwame ba. Na lalubo lambar wani abokin karatuna na sakandare wanda ake jin maganarsa a wajen, na kira shi. Bai bari na ƙarasa bayani ba ya ce, "Haba Dakta, ai gidanka ne. An gama." Kafin la'asar yaron mai caji ya sake kira, ya ce sun dawo sun karɓi takardarsu, har sun ba Gwaggo haƙuri. Na koma kan takardun ɗalibaina ina jin kaina wani mutum ne mai amfani.

Wannan jin daɗi bai wuce kwana uku ba. Ranar Asabar na je gida, na shiga gaishe ta, sai na tarar da maƙwabcinta a zaure, wani dattijo da na taso na gani yana dukanci, wanda yanzu idanunsa sun yi rauni har ba ya iya zura zare a allura. Shi ma yana da ɗan shago irin nata a jikin gidansa, shi ma an kawo masa takarda. Ya sayar da akuyarsa ranar kasuwa ya biya. Bai faɗa mini haka da ƙorafi ba, a cikin hira ya sako zancen, har yana taya Gwaggo murna da Allah Ya ba ta ɗa mai ido da kunne a birni. Na ji kamar an watsa mini ruwan sanyi. Da a ce cancanta ake bi, da shi ya kamata a fara ɗauke wa, domin Gwaggo aƙalla tana da gona da ɗa mai aikowa. Abin da ya raba su shi ne ita tana da ni, shi kuma ba shi da kowa.

Tun daga ranar nake ta juya tambayar da ya kamata a ce na yi tun ranar Laraba: wane ne ya cancanci a ɗauke masa kuɗin gida ko a rage masa, kuma a ina aka rubuta?

Bari mu fara da abin da yake a rubuce. Kundin Tsarin Mulkin 1999, a Jadawali na Huɗu, ya lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, kuma a cikinsu akwai ƙiyasta gidajen da mutane suka mallaka domin a ɗora musu kuɗin da Majalisar Dokokin Jiha ta ƙayyade. Kafin nan, doka mai lamba 21 ta shekarar 1998 ta raba haraji tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, ta kuma sanya kuɗin gida da kuɗin shaguna da kuɗin kasuwa da na tasha da na mayanka a cikin rabon ƙaramar hukuma. Saboda haka wanda ya ce ƙaramar hukuma ba ta da hurumin neman kuɗin gida bai karanta ba. Tana da shi. Amma ka lura, mai karatu, da kalmomi biyun da tsarin mulki ya rataya abin a kansu: a ƙiyasta, sannan Majalisa ta ƙayyade. Ƙiyasi yana nufin wani ya zo ya dubi gidan, ya san girmansa da abin da ake yi da shi, ya rubuta a kundi. Ƙayyadewa tana nufin akwai adadi sananne wanda bai dogara da fuskar mai gida ba. Takardar da aka kai wa Gwaggo, wadda na gani da idona kafin a karɓe ta a hoton da yaron ya turo mini, ba ta ɗauke da lambar gida, ba ta faɗi ko kuɗin na gidan ne ko na shagon, ba ta kuma nuna inda mutum zai je idan bai yarda ba. Suna ne da adadi da sa hannu.

Dokokin kuɗin gida na jihohi da dama a Nijeriya suna da sashen waɗanda aka ɗauke wa, kuma kusan jeri ɗaya ne ko'ina: masallatai da coci-coci, maƙabartu, gine-ginen gwamnati, fadojin sarakuna, wuraren ayyukan jinƙai. Babu laifi a wannan jeri. Sai dai duk gine-gine ne. An san wane irin gini za a tsallake, amma ba a cika tsayawa a kan wane irin mutum za a tausaya wa ba. Fadar sarki ta tsira bisa doka, ɗakin makaho kuwa sai dai ya tsira bisa alfarma, idan ya samu mai nema masa.

Wannan abu ya ba ni mamaki, domin ƙasar Kano ba baƙuwa ba ce a sha'anin haraji, kuma kakanninmu sun daɗe da sanin cewa ba kowa ake tambaya ba. Tun kafin zuwan Turawa a 1903 akwai kuɗin ƙasa da kuɗin shuka da kuɗin rafi da kuɗin karofi da jangali. Akwai kuma abin da ake kira hurumi, wato gona ko gida da sarki ya ɗauke wa biya, galibi na malamai da na makusantan fada. Ka ga ke nan ita ma alfarmar tana da dogon asali, ba mu muka ƙirƙiro ta ba. Da Lugga ya kafa dokarsa ta kuɗin shiga a 1906, aka fara tattara waɗannan kuɗaɗe wuri guda, aka fitar da hakimai daga birni aka zaunar da su a gundumominsu, aka gwada kuɗin gida, aka gwada auna gonaki da taki, daga bisani abin ya tsaya a kan harajin da iyayenmu suka sani, wanda ake ɗora wa kowane namiji baligi.

Na ga ragowar wannan zamani a cikin wani gwangwanin alewa da mahaifina, Allah Ya jiƙansa, yake ajiyewa a ƙarƙashin gadonsa. Rasiɗan haraji ne, shekara bayan shekara, an ɗaure su da zare, wasu har gara ta taɓa. Ya ce mini a lokacinsu rasiɗin haraji shi ne katin shaida: idan za ka yi tafiya, ko ka je cin rani, sai ka sa shi a aljihu, domin ɗan doka yana iya tare ka a hanya ya ce ka nuna. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin labarinsa shi ne yadda ake rabon. Ana yanka wa gunduma jimla, hakimi ya raba wa dagatai, dagaci ya raba wa masu unguwanni, mai unguwa kuma ya zauna da dattawa a bi gida-gida. Tsoho tukuf da makaho da kuturu da wanda ciwo ya kwantar ba a sa su a lissafi. To da yake jimlar ba ta raguwa, duk wanda aka cire, nauyinsa a kan maƙwabtansa zai faɗa. Saboda haka kowa ya san wanda aka cire, kowa kuma ya san dalili. Mai unguwa ba ya iya zare sunan surukinsa a ɓoye, domin masu biya suna ƙirgawa tare da shi.

Kada a ɗauka ina yabon wancan zamani ne. Mahaifin nawa da ya ba ni wannan labari shi ne kuma ya ba ni labarin yaron da aka ƙirga a matsayin baligi don an ga gashi ya fara fito masa, da mutumin da aka shanya a rana a ƙofar gidan dagaci, da manomin da ya karyar da dawarsa da kaka a kan kuɗi kaɗan don ya biya, sannan ya sayo ta da tsada da bazara. Gudun haraji ya tayar da garuruwa. A kan wannan azaba NEPU ta gina rabin siyasarta tun kafuwarta a 1950, kuma ita ce ta sa lokacin da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali jim kaɗan bayan hawansa mulki a watan Oktoban 1979, talakawan Kano suka ɗauki abin kamar ranar 'yanci. Alhaji Balarabe Musa ma ya yi haka a tsohuwar Jihar Kaduna. Rasiɗin ƙarshe a gwangwanin mahaifina na wannan shekarar ne. Ni an haife ni bayan haka, ina cikin tsarar farko da ta tashi ba ta taɓa ganin an kama uba saboda haraji ba.

Amma akwai abin da ya tafi tare da harajin wanda ba mu lura da shi ba. Kundin nan na gida-gida ya mutu, zaman dattawa na tantance wanda zai iya da wanda ba zai iya ba shi ma ya mutu. Da kuɗaɗe suka riƙa dawowa da sababbin sunaye, kuɗin raya ƙasa, kuɗin shago, kuɗin gida, kuɗin allon talla, sai suka dawo babu kundi, babu dattawa. Yaro ne da littafin rasiɗi, an ce masa ya kawo adadi kaza zuwa ƙarshen wata, wani lokaci ma ladansa yana cikin abin da ya tara. Yaron nan ba mugu ba ne. Ya san ƙofar da idan ya ƙwanƙwasa za a kira wani a waya, ya kuma san wadda idan ya ƙwanƙwasa za a kama akuya. A bakin garinmu akwai wani gida mai bene da shaguna shida a jikinsa. Na tambayi masu haya biyu a ciki, suka ce su dai ba su ga kowa ba.

Wani zai ce wannan ƙaramin abu ne, ana fama da tsadar taki da matsalar tsaro a iyakar Katsina da Kaduna, wa yake ta kuɗin gida? Amsata ita ce abin yana tafe, kuma zai girma. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kasonsu kai-tsaye. Ko an aiwatar ko ana jan ƙafa, maganar da take bakin kowane mai mulki tun daga lokacin ita ce kuɗin shiga na cikin gida. Ƙaramar hukumar da ba ta da masana'anta ko babbar kasuwa irin ta Dawanau, ina za ta duba? Gida ba ya gudu, ba a ɓoye shi a daji kamar shanu, ba ya ƙaura zuwa wata jiha. A ƙidayar 2006 an samu mutum sama da 140,000 a Ƙaraye, sama da 220,000 a Rogo, kuma an kusa shekara ashirin ana haihuwa ana gini. Duk mai lissafin kuɗin shiga idan ya dubi rufin kwanon da ya mamaye Zarewa da Fulatan da Gwangwan da Yammedi da Tudun Kaya, abin da yake gani kuɗi ne. Gara a yi maganar wanda za a ɗauke wa tun kafin littattafan rasiɗi su yi yawa.

Na duba yadda wasu suka yi. Jihar Legas ta haɗe kuɗin gida da kuɗin ƙasa a cikin doka ɗaya, ta sake ta a 2018, jama'a suka yi ca, aka gyara a 2020. A cikinta, ban da wuraren ibada da maƙabartu da fadoji, an ɗauke wa ɗan fansho kuɗin gidan da ya mallaka yake kuma zaune a ciki. Wannan ci gaba ne, domin an fara duban mutum. Amma ka ɗauko wannan sharaɗi ka kawo shi Rogo ka gani. Wane ne ɗan fansho a garinmu? Tsohon hedimasta ne, da tsohon malamin asibiti, da tsohon ma'aikacin gona, wato mutanen da ko yaya suna da abin da ke shigowa a wata. Manomin da ya shekara sittin yana riƙe da fartanya ba shi da takardar barin aiki. Badukun da idonsa ya mutu ba shi da lambar fansho. Idan muka kwafo dokar Legas yadda take, za mu ɗauke wa masu dama-dama, mu bar wa marasa komai.

A Ingila sun sha irin namu. Gwamnatin Margaret Thatcher ta ɗora kuɗin kai, kowa ya biya daidai, attajiri da mai shara, aka yi tarzoma a Landan a watan Maris na 1990, kafin ƙarshen shekarar ta bar mulki. A 1993 suka koma kuɗin gida, suka kasa gidaje aji-aji gwargwadon darajarsu. Baligin da yake zaune shi kaɗai ana rage masa kashi 25 cikin 100, gidan da ɗalibai zalla suke ciki ba ya biya, mai ƙaramin ƙarfi kuma yana cika takarda a rage masa. Ba adadin ne ya burge ni ba. Abin da ya burge ni shi ne tsohuwa a can tana iya sanin matsayinta ba tare da tana da ɗan'uwa a jami'a ba.

Kuma ba sai mun je Landan ba. Duk yaron da ya yi karatun littattafan farko na fiƙihu a zauren malam ya san zakka tana da nisabi, wanda bai kai ba ba a tambayarsa, ya kuma san ba a fitar wa gidan da mutum yake kwana a ciki zakka. Alƙali Abu Yusuf, a littafinsa na Kitabul Kharaj, ya kawo labarin Sayyidina Umar da wani tsoho Bayahude da ya gani yana bara don ya biya jiziya, ya ɗauke masa, ya kuma sa aka yanka masa abin ci daga baitulmali. Ita ma sabuwar dokar haraji ta tarayya da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yunin 2025, wadda ta fara aiki a Janairun 2026, ta yarda da nisabi: Naira 800,000 na farko na abin da mutum ya samu a shekara babu haraji a kansu. Har ta ba mai zaman haya rangwamen kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayarsa, matuƙar bai wuce Naira 500,000 ba. Ni da nake haya a birni, nake da takardar albashi, zan ci wannan rangwame. Gwaggo, wadda shagonta yake kawo Naira 48,000 a shekara idan tela bai tsallake wata ba, ba ta da rangwamen da aka rubuta da sunan irinta. Gwamnatin da take Abuja ta san akwai wanda bai kai a tambaye shi ba, amma takardar da ta isa ƙofar gidan Gwaggo ba ta sani ba.

Rubuta irin wannan sharaɗi a ƙasarmu ba abu ne mai sauƙi ba, kuma ba na son in yi kamar mai sauƙi ne. Ɗauki tambaya mafi ƙanƙanta: gidan Gwaggo na wane ne? Mijinta ya rasu, ba a raba gado ba. Ita tana da tumuni, sauran na 'ya'ya ne, ɗaya ya rasu ya bar nasa kason ga marayu, ɗaya yana Fatakwal, mata biyu suna gidajen aurensu. Babu takardar mallaka, kuma mafi yawan gidajen karkara haka suke, duk da Dokar Filaye ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a wajen birane. Idan doka ta ce "mai gida", wa take nufi? A wani gidan kuma za ka tarar da magidanta biyar a ƙofa ɗaya, kowa da sashensa da tukunyarsa, ɗaya yana da babur da injin niƙa, ɗaya ko buhun masara bai ɗaure ba. Gida ɗaya ne ko biyar? Shekarun mutum ma a nan ba a takarda suke ba, sai dai a ce an haife shi shekarar da aka yi kaza.

Duk da haka ina ganin ana iya farawa daga wuri mai sauƙin ganewa. Gidan da iyali suke kwana a ciki, wanda ba ya kawo ko kwabo, a bar shi, musamman ginin ƙasa. Wurin da yake kawo kuɗi sosai, gidan mai da sito da ƙarfen sabis da jerin shaguna da gidajen haya, a ƙiyasta shi da gaske, a karɓa, ko na wane ne. Rigimar tana tsakiya, wurin irin shagon Gwaggo da na maƙwabcinta, inda gida ne amma an tsaga masa ƙofa ɗaya ta neman abinci. A nan ne ake bukatar a dubi mutum: gwauruwa mai riƙon marayu, tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, mai lalurar da ta hana shi sana'a, wanda gobara ko ambaliya ta ci a wannan shekara. Mutanen da suke zaune kusa da madatsar Challawa sun san abin da ruwa yake yi wa ginin ƙasa idan damina ta yi nauyi. Shago ɗaya a hannun irin waɗannan a ɗauke masa, na biyu a biya.

Wa zai tantance? A nan dole mu koma wurin masu unguwanni da dagatai, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma babu wata kwamfuta a sakatariya da ta san wace ce take takaba a Unguwar Hajji. Tun watan Yulin 2024 Masarautar Ƙaraye, a sabon tsarinta, ƙananan hukumomi biyu ne kacal a ƙarƙashinta, Ƙaraye da Rogo. Wannan ƙanƙanta tana da amfani, domin abu ne da za a iya gwadawa a gani. Na san abin da za a ce, mai unguwa ma mutum ne, yana da surukai da abokan siyasa. Gaskiya ne. Maganinsa shi ne abin da mahaifina ya ba ni labari, a yi abin a fili. A rubuta sharuɗɗan da Hausa, da boko da ajami, a liƙa a ƙofar dagaci da bakin kasuwa, a karanta a rediyo. Jerin waɗanda aka ɗauke wa a karanta shi a gaban jama'ar unguwa sau ɗaya a shekara, bayan kaka, da liman da kansila a zaune. Wanda aka tsallake ya san ƙofar da zai je ya kai kuka, da ranar da za a saurare shi. Na san akwai kunya a karanta sunan mutum cikin marasa ƙarfi, amma a garinmu babu wanda talaucinsa yake asiri, kuma sayar da akuya a tsakiyar kasuwa bai fi wannan rufin asiri ba.

Akwai abokaina a jami'a da suke cewa a bar wannan dogon zance, a yi irin ta Rimi, a soke kawai. Ina fahimtarsu, amma ban bi su ba. Rijiyar burtsatsen unguwarmu ta shekara biyu a lalace, magudanar bakin kasuwa ta cike, ajin firamaren da na yi karatu a ciki rabin rufinsa iska ta ɗauke. Ƙaramar hukumar da ba ta karɓar komai daga hannun mutanenta, sai abin da ya gangaro daga Abuja, ba ta jin tana da bashin kowa a kanta, kuma mutanen ma ba sa jin suna da bakin tambaya. Mai gidan benen nan da shaguna shida ya kamata ya biya, kuma idan an soke gaba ɗaya shi ne ya fi kowa cin riba. Mu da muke da lambobin waya mu ne ba ma son a rubuta doka, domin rashin rubutun bai taɓa cutar da mu ba. Na faɗi haka ne ina sane da cewa ni ne na yi kiran ranar Laraba.

Kafin in bar gari ranar Lahadi na bi ta wurin mai unguwarmu, dattijo ne da ya yi zamani da mahaifina. Bayan mun gaisa na ce, "Ranka ya daɗe, da yaran nan suka zo, sun biyo ta wurinka?" Ya yi murmushi ya ce, "Malam, ai yanzu ba a biyowa ta nan. Sai dai idan rigima ta tashi a aiko a ce in zo in raba." Na tambaye shi ko zai iya lissafa mini gidajen da a ganinsa bai kamata a tambaye su ko sisi ba. Bai yi dogon tunani ba, ya fara ƙirgawa da yatsu, gida-gida, daga bakin masallaci har zuwa bayan makaranta, yana faɗin dalilin kowane. Ya tsaya a goma sha ɗaya. Badukun nan shi ne na biyu a lissafinsa. Gwaggo ita ce ta tara.

Na mayar wa dattijon kuɗin akuyarsa ta hannun Gwaggo, don kada ya ji nauyi, ta ce masa saƙo ne daga Fatakwal. Ya aiko mini da rasiɗin, wai in ajiye masa tunda ni ne mai karatu, kada yaran su dawo su ce bai biya ba. Na sa shi a cikin gwangwanin mahaifina, a saman na 1979. Yaran sun ce wa tela za su sake zagayowa bayan an sare rake.